Abin da Adamu Ya Murɗa a Gulbi

Shekara talatin da ɗaya ina jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Agadas. Da ƙarfi ya ragu na dawo Madarumfa, na sayi tsohuwar kat-kat, mota mai ja da taya huɗu, mai buɗaɗɗen baya, ina ɗauko wake da dawa daga ƙauyuka.

Shekarar da aka karya darajar sefa, tayar gaba ta fara kuka. In na ɗaga ta na girgiza, sai ta yi lilo. Rulma ce ta cinye, zoben nan da taya ke juyawa a kansa. Na sayo sababbi a Jibiya da tsada, na kai wa Adamu makanike mai rumfa a bayan tasha. Ubansa abokina ne, ya rasu. A gabana aka raɗa wa Adamu suna.

Ya kwance cibiyar tayoyin biyu, ya wanke da gazuwal, man manyan motoci, ya cusa giris da tafin hannu. Ya ɗaure noti, ya ɗan sassauta, ya juya taya yana saurare. Aiki mai kyau. Ban faɗa masa ba.

"Baba, saura abu guda," in ji shi yana goge hannu. "Ɗan murfin nan na tsakiyar taya, tun da kuka sayi motar a kulle yake. Na buɗe shi don ta huta bisa kwalta. In za ku shiga rairayi..."

"Adamu, ina tuƙi uwarka tana tallar fura. Sauke mini mota."

Ya sauke.

Ranar Talata na ɗauko buhu goma sha biyar na wake daga wajen garin Sarkin Yamma. Gulbin da hanya ke ratsawa ya bushe, sai rairayi. Na ja ƙaramin giya da ke ba tayoyin gaba ƙarfi, kamar kullum. Na baya suka yi ta tona, na gaba suna tsaye kamar ba da su ake ba. Mota ta nutse har ciki. Na bar mai wake yana gadi, na hau amalanken jaki zuwa gari. Duk wanda muka wuce sai ya juyo ya dube ni.

Na iske direbobi a inuwar dogon yaro. Motoci uku na rumfar Adamu. A gaban direbobin na kira shi.

"Ina kayan cikin cibiyar motata? Kaya sun yi tsada, sai ka fara da abokin ubanka?"

"Baba, ku saurare ni..."

"Ɓarawo ba ya da abin da zai gaya mini."

Ɗan Baba, mai jigilar Maraɗi, wanda motarsa ke cikin ukun, ya tashi yana kaɗe wando. "To, a je gulbi a gani. Ni ma tawa tana hannunshi."

Mu shida muka tafi. Adamu ya shiga ƙarƙashin motar da sifana, ya yi ta ƙwanƙwasa ƙarfe. Na san ƙarar aiki, wannan ba ita ba ce. Ya fito, ya tsuguna a tayar hagu ya ba mutane baya. Ya zagayo ta dama, inda nake tsaye ni kaɗai. Da yatsu biyu ya murɗa ɗan murfin nan. Shi ke nan. Nan take na tuna maganar da na katse masa.

"Baba, ku tada ta."

Na tada. Tayoyi huɗu suka kama, mota ta fita da lodinta.

"Mi ne ne ya hana ta?" in ji Ɗan Baba.

"Wani noti ne ban ɗaure ba," in ji Adamu.

"Noti? Ko dai ka maida abin da ka ɗauka, muna kallon ƙeyarka?"

Suka yi dariya. Adamu ya dubi ƙasa. Ina jinsu ta taga. Na sa giya na tafi.

Kwana tara na yi shiru. Motocin nan uku suka bar rumfarsa, ba wadda ta shigo. In na wuce sai in gan shi yana gyaran injin ban-ruwa na masu lambun bakin tafki, aikin da a da ba ya karɓa. In ya hango ni sai ya miƙe, ya rusuna. "Baba, ina wuni? Taya ta daina kuka?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Jumma'a bayan masallaci na kawo motar tsakiyar tasha. Na sauka, na durƙusa gaban taya, gwiwa tana ƙara. Na ce su matso.

"Kun ga wannan? In an murɗa nan, tayoyin gaba su ja. In an murɗa nan, su saki. Adamu ya so ya gaya mini, na hana shi. Bai ɗauki komai ba, ba kuma notin da ya manta. Rufa mini asiri ya yi. A gulbi na ga hannunsa, na yi shiru."

Ɗan Baba ya riƙe haɓa. "Baba, kai da ka keta Sahara, murfin kwalba ya kada ka?"

Suka yi dariya har da buga cinya. Na tsaya sai da suka gama.

Daga nan na je rumfar.

"Adamu, na faɗa musu."

"Baba, da kun bari. Ai zai wuce."

"Ba zai wuce ba. Ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ɗan Baba ya maido motarsa washegari. Sauran biyun ba su dawo ba. Maganar ta riga ni fita gari. Wata biyu bayan haka, a Safo, wani da bai san ni ba ya ce in kiyayi makaniken Madarumfa mai cire kaya, wai wani dattijo ya kama shi. Na ce masa ni ne dattijon, ya zauna in ba shi labari. Bai so zama ba. Na riƙe hannun rigarsa sai da na kai ƙarshe.