Giɓin Sulen Baba

Jiya bayan azahar na kishingiɗa a rumfar ƙirata, barci ya sace ni, na yi wani mafarki wanda har yanzu bai sake ni ba.

Na ga kaina a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana zuba sama. Mutane na tafe kowa da lemarsa a juye, yana kare gwiwoyinsa. A hannuna akwai sulen azurfar da Baba ya bar mana, irin na zamanin Turawa, mai giɓi a gefe kamar jinjirin wata. A kan wannan giɓin na shekara tara ba na gaisawa da wana Badamasi. Ni maƙerin azurfa ne, na ce na san aikin almakashi in na gan shi, Badamasi ne ya gutsure abin gadonmu kafin ya miƙo mini. Ya rantse haka Baba ya damƙa masa shi. Har Allah ya karɓi ransa ban janye maganata ba.

Sai ga ni a wani ofis. Akuya ce a bayan tebur, sanye da tabarau, tana tauna takardar da ta gama sa wa hannu. Tsabar kuɗi sun yi layi har waje, anini da kwabo da sisi, kowanne a tsaye kan gefensa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, me ake yi a nan?"

Ta ce, "Tantancewa. Wanda aka haifa da tabonsa ya bi dama. Wanda duniya ta ji wa ciwo ya bi hagu."

Wani kwabo ya gangaro, fuskarsa a baje kamar waina. Ya ce, "Ni haka aka buga ni."

Akuyar ta lashe shi sau ɗaya. Ta ce, "Yara ne suka ɗora ka kan layin dogo jirgi ya bi ta kanka. Ga namanka nan ya tumbatso gefe. Hagu."

Kwabon ya wuce yana tari.

Ta miƙo mini kofato. "Malam Ilu, kawo naka."

Na ajiye sulen. Na ce, "Wannan ba sai kin wahala ba, almakashi ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. "In ka yanki azurfa, yaya bakin yankan yake?"

"Da kaifi, yana ƙyalli. In akwai rubutu sai ya tsinke cak."

"To, shafa."

Na shafa. Babu kaifi. Tudun da ya kewaye bakin sulen ya yi ta sirancewa a hankali kafin ya kai giɓin, kamar turba mai ɓacewa cikin yashi. Haruffan da ke kusa sun miƙe, sun karkata wajen giɓin kamar shanu a bakin rafi.

Ta ce, "Dubi gefen da ke can ƙetare, daidai saitin giɓin."

Can ma bakin ya kwanta, alhali ba abin da ya taɓa shi.

Ta ce, "Almakashi ba ya cizo a gabas a ji zafi a yamma. Wannan tun kafin a buga masa fuska ya rasa gefensa. Duk shekarun nan yana hannunka, ba ka taɓa duba ɗaya gefen ba?"

Sai ga ni a fili, ba ofis ba akuya. Sama gaba ɗaya ta zama faifan azurfa guda, daga wannan bangon duniya zuwa wancan. Wata tabarya da ta fi hasumiya girma tana saukowa daga inda ido ba ya kai, tana huda faifan. Duk huda sai sule ya faɗo, haske ya biyo shi ta ramin. A wannan gari ƙara ce ke fara zuwa, sannan bugu ya biyo baya. Na shekara talatin ina dukan ƙarfe, ban san haka ƙira take ba. Na durƙusa, bakina ba ya faɗin komai sai Subhanallahi.

Ina kallo faifan ya yi jinkirin matsawa, bai fi ƙiftawar ido ba. Tabaryar ta sauko ta haɗa da bakin ramin da ta riga ta huda. Sule ya faɗo da giɓinsa, yana juyi a iska kamar ganye.

Wani mutum ya tara hannu ya cafe shi. Badamasi ne, cikin shuɗiyar rigarsa ta saƙi, gemunsa baƙi wuluk. Ya dube ni ya yi dariya.

"Ilu, ka tsufa. Ka girme ni ma."

"Yaya, ashe gaskiya ka faɗa."

Ya sa tafin hannu a bayan kunne. "Me ka ce? Kana da abinci a gida kuwa? Duk ka rame."

Na ɗaga murya iya ƙarfina, "Yaya, ka yafe mini!"

Ya girgiza kai. "Ka cika ihu, ƙanena. Nan garin raɗa kaɗai ake ji. Matso."

Na matsa. Na dafa kafaɗarsa, na ji ɗuminta. Na kai bakina daidai kunnensa, na tara numfashi.

A nan ne maƙwabciyata Lantana ta tayar da injin markaɗenta.

Na farka rana ta karkata, garwashi ya mutu a murhu, leɓɓana suna motsi. Na ƙarasa maganar a hankali, cikin raɗa, ko da yake ba kowa a rumfar sai ni.