Safar Hannun Hagu

Da gwiwar hannu Torunn ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinta Oddvar, don tukunyar miyar kifi ta cika mata hannu biyu. Ba nas ɗin da ke jinyarsa ce ta buɗe ba. Wani mai sanƙo ne, ya tuɓe takalmi, ga kati rataye a wuyansa.

"Kjetil nake. Daga bayan shinge."

Haka mutanen garin ke kiran ma'aikatar binciken soja ta gwamnati da ke gefen daji: bayan shinge. Rabin garin can suke aiki, kuma ba a tambayar mutum me yake yi. Za ka tambayi lafiyar karensa, ka tambayi rufin gidansa, amma ban da aiki. Torunn ta girma a kan wannan ɗabi'a, ta tsufa a kanta, kuma tun ranar farko take cin ranta, don mace ce da ko motar baƙo ta tsaya a layin sai ta san gidan wa ta zo.

"Gaisuwa ka zo?" ta tambaya tana kutsawa ciki.

"Zama na zo. Likita ya fara yi masa allurar kashe zafi mai ƙarfi, ita kuwa tana sakin harshe. Dokarmu ta ce sai wani ya zauna kusa."

"Oho, gadin bakinsa ka zo yi. To ai kai ka san abin da ya yi ke nan." Har ta ajiye tukunyar don ta ji da kyau.

Kjetil ya shafa sanƙonsa. "Ina fa! An rufe sashensu tun kafin a ɗauke ni. Kin san wurin namu, kowane sabon shugaba da manufarsa. Wani ya ce ƙarƙashin teku za mu sa gaba, na bayansa ya ce sararin sama, na yanzu ba ya son jin komai sai na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wanda ya san aikin Oddvar ya daɗe a ƙasa."

"To ta yaya za ka gane ya faɗi sirri?"

"An ce in na ji ya fara ambaton lambobi ko sunan wuri, in yi tari."

Torunn ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Gwamnati ke nan! Ta turo makaho gadin madubi. Zauna in zuba maka miya, ka samu ƙarfin tarin."

Ita ma ba ta rasa abin da ta gani ba a tsawon shekaru, don tagar kicin ɗinta tana kallon bayan gidan Oddvar. Duk lokacin sanyi yakan zauna a kan matakalar baya, ya cusa hannun hagu sanye da safa cikin dusar ƙanƙara, yana duba agogo. Igiyar shanyarsa kuwa cike take da safar hannu, duk na hagu. Marigayiya matarsa ta saƙa, shi ya warware, ta sake saƙawa tana mita. Yatsu biyu na hannun nan babu su, ya ce gatari ne. Torunn ta daɗe da yanke cewa aikin sirri ya ɗan taɓa masa kai.

Amma wadda abin ya fi ci ita ce Sunniva, 'yarsa tilo. Tun tana jami'a ta tsare shi a kicin ɗin gidan nan nasa ta ce ya gaya mata ko abin kashe mutane yake ƙerawa. Ya ce ya yi rantsuwa. Ta ɗauki jakarta ta tafi, daga nan sai gaisuwar Kirsimeti ta waya. Yanzu nas ta kira ta ta ce ta zo, saura kaɗan. Ta iso tun jiya, kuma Torunn ta lura har yanzu ba ta zauna a bakin gadon ba, a jikin ƙofa take tsayawa.

Da rana Torunn ta kai miya ɗakin. Oddvar ya zama ƙashi da fata, amma idon nan na nan.

"Torunn, kin kawo miya ko kin kawo kunne?"

"Duka biyu. Ka ci ɗaya, ka cika ɗayan."

Ya yi murmushi. Daga jikin ƙofa Sunniva ta ce, "Baba, wurin da kake rufa wa asiri ma ya manta da kai. Ga wanda suka turo, ko sunan sashenka bai sani ba. Ka gaya mini kawai. Ba zan iya binne ka ban sani ba."

"Su ne suka manta," in ji shi a hankali. "Ni ban manta na yi rantsuwa ba."

Ta juya ta fice. Ba a jima ba suka ji ƙarar shebur, tana kwashe ƙanƙarar ƙofar gida da fushi. Tausayin su biyun ya kama Torunn, haushin su biyun ma ya kama ta, don taurin kan iri ɗaya ne.

Nas ta zo ta yi allura ta tafi. Kjetil ya jawo kujera ya zauna a kusurwa da ƙoƙon kofi. Can Sunniva ta shigo, fuska ja, hannuwa tsirara sun yi fari don sanyi. Bargon ya zame, ta sunkuya ta gyara, yatsunta suka taɓa wuyan uban. Caraf ya kama hannun, idonsa a rufe.

"Wa ya ba wa yaron nan wannan safar?" Muryar ta fito da ƙarfi, ba ta mai jinya ba. "Na ce kada a raba yatsu! Uku a ɗaki ɗaya, su ɗumama juna. Ulu a ciki, ba auduga ba. Na gaya wa shugaba, yaran nan ba harsashi ke cin su a kan dutse ba, sanyi ne. Ya ce ba ya cikin manufofin bana. Bana! Sanyi ya san bana?"

Torunn ta waiwaya ta kafe Kjetil da ido. Ya buɗe baki, ya ja numfashi, sai ya kurɓi kofinsa.

"Ban ji lamba ba," ya ce.

"Ya ce uku."

"Torunn, don Allah, kina son in yi tarin ne?"

Nan take wani abu ya faɗo mata a rai. Ta fita ko kwat ba ta sa ba, ta tsallaka zuwa gidanta, ta hau birkita akwatin da ke rumfar itace. Lokacin da ɗanta ya yi hidimar soja a arewa, guguwa ta rutsa da su a kan dutse, aka yi ta fargaba, suka sauko da yatsunsu cif. Ya dawo gida da safa ɗaya da ya ƙi mayarwa, ya ce ita ta cece shi. Ta same ta a ƙasan akwatin: koriya, ta hagu, ɗaki ɗaya na babban yatsa, ɗaya na manuni, ɗaya mai faɗi na sauran ukun. Shekara da shekaru tana kallon irinta a igiyar maƙwabci, ba ta taɓa haɗa biyun ba. Ita da ake cewa ba abin da ke wuce ta!

Ta dawo tana haki ta miƙa wa Sunniva.

"Wannan ai kayan gwamnati ne," in ji Kjetil.

"Sai ka kama ni bayan an gama."

Sunniva ta zauna a bakin gadon. Ta ɗauki hannun hagun uban, mai yatsu ukun, ta zura masa safar a hankali. Ya buɗe ido. Ya ɗaga hannun ya juya shi, ya bi ɗinkin da ɗayan hannun.

"Sun rage ulun," ya ce. "Marowata."

"Ba gatari ba ne ya ci yatsunka, ko Baba?"

Ya ci gaba da bin ɗinkin da yatsa.

Ta taɓa ɗakin manunin, wanda aka ware shi kaɗai. "Wannan kuma na jan kunamar bindiga ne."

Ya daɗe yana kallon ta, bai kawar da ido ba. "Eh," ya ce. "Da shi kuma ake ƙyasta ashana."

Torunn ta jira ta ga ko Sunniva za ta tashi ta koma jikin ƙofa. Ba ta tashi ba. Ta riƙe hannun da safar duka a cinyarta, hawaye na ɗiga a kan koren ƙyallen. Kjetil ya miƙe ya ce bari ya duba ko an kashe murhu, ya daɗe bai dawo ba.

Da hantsin washegari Oddvar ya cika. A wurin binnewa ma'aikatar ta aiko da furanni, wani mataimakin shugaba ya yi jawabi a kan gudummawar marigayi ga manufofin ƙasa, ya kira shi Oddbjørn sau biyu. Kjetil ya yi tari, ya sake yi, har mutane suka waiwayo.

Torunn ba ta nemi a mayar mata da safar ba. Da yamma tana wanke kofuna, ta ɗaga kai ta leƙa taga kamar yadda ta saba. Sunniva na zaune a kan matakalar baya cikin baƙin kayanta. Ta sa koriyar safar a hannun hagu, ta cusa shi cikin dusar ƙanƙara har wuyan hannu, agogon uban na kan gwiwarta, tana kallon sa.