Baitin da Jama'a Ke Rerawa

Saura kaɗan ta hau dandamali babban ɗanta ya shigo ɗakin shiri, ya tsaya bakin ƙofa yana murza yatsu, kamar ba shi ne mai kantin maganin da unguwa ke girmamawa ba. Mai Makulli tana gaban madubi tana saka ɗan kunne. Waƙarta ce ta raɗa mata wannan suna, har ya danne na yanka.

"Mama, Baba ya zo. Yana layin gaba, a keken marasa lafiya."

"Ya sayi tikiti?"

"Haba, Mama."

Ya sunkuyar da kai, ya ce alfarma ɗaya yake nema. Ya san ba za ta bar waƙar ba, don ita aka zo ji. Amma baitin ƙarshen nan, ta yi yadda ta saba, ta miƙa wa jama'a makirufo su rera. Kada ya fito daga bakinta a gaban tsohon, don tun da ɓarin jikinsa ya shanye abu kaɗan ke sa shi kuka.

Ta kalle shi ta madubi, ta ci gaba da saka ɗan kunnenta.

Wannan tsohon da ake lallaɓawa, sanda yana mijinta, in zai fita aiki kulle ta yake yi ta waje ya jefa makulli aljihu, wai gari ya lalace. Ran da tura ta kai bango, ta taga ta fice, da wannan mai kantin maganin a bayanta yana tsotsar yatsa. A kan keken ɗinkin gwaggonta ta haɗa waƙar, ƙafa na takawa a hankali, baki na bi.

Situdiyon da ta samu wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon mai walda, an manne bangonsa da kwalin ƙwai, kuma sai mai walda ya tafi cin abinci ake ɗaukar murya. Dogo, mai situdiyon, ya saurara ya yamutse fuska. Ya ce waƙar ta yi sanyi, ba mai taka rawa da ita. Baitin ƙarshe kuwa, "riƙe makullinka, ba na dawowa," babu gidan rediyon da zai sa. Gara ta mai da shi "zan jira ka," kowa ya huta.

"To ka rera da kanka, tunda kai ne mai jira," ta ce, ta suri jakarta. A bakin titi ya kamo ta yana ba ta haƙuri.

Waƙa ta fita, ta bi gari kamar wutar daji. Masu kitso suka haddace, direbobi suka cinye kaset, maza suna zaginta da baki suna fitonta a wajen wankin mota. A wajen wasa kuwa, da an zo ƙarshe sai mata su zaro makullan gidajensu suna kaɗawa, su karɓe baitin da ihu. Ita ma ta sakar musu. Shekara da shekaru rabon da ta furta shi da bakinta, kuma ta sani sarai ba don karamci ba ne, sauƙi ta samu.

Da ta fito, fitilu suka haske layin gaba, ta gan shi. Ya ƙanƙance, bargo a gwiwa, ɗansu na tsaye a bayansa. Tausayi ya kama ta, na gaske, har ta ji haushin kanta. Amma mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya ce ta yafe masa ba, ko sau ɗaya, ga shi yau ma ita ake so ta rufe nata.

Waƙa ta gangaro ƙarshe. Makullai suka tashi sama suna ƙara, jama'a suka ja numfashi. Sai ta ɗaga hannu.

"Ku dakata, 'yan uwana. Yau nawa ne."

Mai jita ya ɗora tafi a kan tsirkiya. Zauren ya yi tsit. Ta tako har bakin dandamali, ta dubi tsohon ido cikin ido, ta fara a hankali, ba ihu: "Riƙe makullinka..."

Ɗan nata ya juya keken da ƙarfi, ya fara tura shi ta tsakiyar kujeru, bai waiwayo ba. Ta san yaron da riƙo, zai iya shekara bai tako gidanta ba. Jama'a a shirye suke su ƙarasa mata, miƙa hannu kawai za ta yi.

Ba ta miƙa ba. Bayan ɗanta take kallo ta rera sauran, muryarta ba ta yi rawa ba. Ta tsaya har ƙofa ta rufe a bayansu, ta share ido da gefen hannu, sannan ta juya ta ce wa makaɗa su ɗauko waƙa ta gaba.