Ashirin da Biyar, Mi?

A Warra ba mai kiran Enoch da sunansa sai fasto da matarsa Hansatu, ita ma sai ranar da ya ɓata mata rai. Kowa Arba'in yake ce masa. Masu jiragen fito su ce Malam Arba'in, matan da ke banda kifi su ce Baba Arba'in, har wasiƙar biki aka taɓa kawo masa da wannan suna a bayan ambulan.

Aiki ne ya jawo masa sunan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana allurar rigakafi, kuma duk Talata yakan ɗaure akwatin sanyi a bayan kekensa, ya bi gefen tafki har Tungar Dudu, ya yi wa jarirai allura, ya dawo kafin la'asar. A shekararsa ta farko direban motar asibiti ya taɓa kai shi, ya dubi agogon mota ya ce zuwa da dawowa kilomita arba'in ne cif. Direban ya rasu tuntuni, motar ta zama ɗakin kaji a bayan asibiti, amma lambar ta zauna a bakin Enoch. In aka ce shinkafa ta yi tsada, sai ya ce mutumin da ke taka kilomita arba'in ba ya tsoron tsada. In aka yi masa ta'aziyya, ko a nan sai arba'in ta samu hanyar shigowa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ba, wato amininsa Illo, tsohon mai jirgin fito wanda 'ya'yansa suka karɓe jirgin suka zaunar da shi. Kullum da hantsi su biyun sukan haɗu a bencin mai shayi na bakin ruwa, kuma da zarar Enoch ya ambaci lambarsa, Illo zai busa kofinsa ya ce, "Ba ta kai talatin ba." Bai taɓa ƙara hujja ba, bai kuma taɓa fasawa ba. Enoch ya kayar da shi a gardamar siyasa da ta ƙwallo da ta ranar da ruwa zai fara ja, amma wannan ɗaya ta ƙi mutuwa.

Da Kirsimeti sai 'yarsa Hannah, wadda ke koyarwa a Minna, ta aiko masa da kyauta, wata 'yar na'ura mai GPS da ake ɗaurawa a kan keke, ta faɗi nisan da mutum ya yi da gudunsa. Ta saye ta ne ta intanet. Kwalin yana da hoton Bature yana hawan dutse, amma babu sunan kamfani ko'ina. Enoch ya ɗaura ta, ya fita ranar Talata kamar yadda ya saba a da, ya je Tungar Dudu ya dawo gwiwoyinsa suna ƙara. Na'urar ta ce arba'in da bakwai.

Washegari ya sa rigar coci ya tafi bencin mai shayi. Ya ajiye na'urar a tsakiyar tebur tsakanin gwangwanin madara da burodi, ya ce ashe ma shekara talatin yana rage wa kansa. Illo ya ɗauka ya jujjuya, ya mayar ya ajiye, ya zuba mata ido kamar mai jiran kifi ya taɓa ƙugiya. Kafin shayi ya huce lambar ta zama arba'in da takwas. Kafin a yanka burodi na biyu ta shiga hamsin.

"Arba'in," in ji Illo, "riƙe teburin nan da kyau. Mun kusa Yelwa."

Aka yi dariya har mai shayi ya zubar da ruwan zafi. Enoch ya ce zafin tukunya ne ya ruɗa ta. Amma a gida ma haka ta ci gaba. Keke na jingine da bishiyar mangwaro, ita tana can tana tafiya. Rana ta yi zafi, fuskarta ta yi baƙi. Ran nan ya je kasuwa a hankali saboda buhun albasa a baya, ta ce ya yi gudun kilomita casa'in a awa. Hansatu ta ce ya bar ta a kan tabarma ta riƙa yi masa yawon, shi ya huta.

Abin ya tsaya masa a rai. Na'urar da ta goyi bayansa maƙaryaciya ce, kuma kowa ya gani, sai ya zama kamar ƙaryarta ta shafi arba'in ɗinsa. Don haka ya shiga mota ya tafi Yelwa wurin Habibu mai gyaran waya, wanda aka ce yana kawo irin waɗannan kaya na hannu daga waje.

Habibu ya zube guda uku a kan gilashi. Enoch ya miƙa hannu ga mai babbar fuska, Habibu ya ce ya dakata, kwali da girman fuska ba su ne aiki ba. Ya fitar da su waje ya kunna, suka tsaya suna kallon wadda za ta fara kama tauraron ɗan adam. Mai babbar fuskar ta yi ta juya wani ɗan zobe har mai rake ya zo ya wuce. Suka jera sauran biyun a kan dakali cikin rana tsaka, suka koma inuwa. Ɗaya ta fara tafiyarta ita kaɗai, Enoch ya gane halinta nan take, ya ce wannan ƙanwar tasa ta gida ce. Ta ukun, wata ƙarama mai maɓallai da goguwa a gefe, ta tsaya a sifili ba ta motsa ba. Habibu ya yayyafa mata ruwan leda, ba ta damu ba. Ya ce maɓalli ya fi fuskar shafawa ga mai gumi a hannu, batirinta kuma yana kai yini biyu.

Enoch bai gamsu ba sai da ya ari keken maƙwabcin shago, ya ɗaura ta, ya je bakin ruwa ya dawo sau biyu. Lamba ɗaya ta ba shi duka biyun. Ya ce to, wannan ba ta san fuskar kowa ba, ita yake so.

Talata ta zagayo. Ya fita da sanyin safiya, ya wuce gonakin albasa da masu shanya taru, ya sha ruwa a Tungar Dudu wurin wata mata da ya taɓa yi wa allura tana goye, yanzu ga ta da jika. Ya hana kansa duba na'urar. Sai da ya jingine keke da mangwaro ya sa tabarau ya sunkuya.

Ashirin da biyar. A gefen lambar kuma ga wasu ƙananan haruffa biyu: mi.

Ya daɗe a tsaye. Da bakin mutanen nan ba a cewa "me", sai "mi", shi kuwa sai ya ji kamar na'urar ce ta ɗago kai tana tambayarsa: ashirin da biyar, mi? Mi za ka ce? Ranar Alhamis ya sake zuwa, ko ta yi kuskure. Ashirin da biyar ta sake ba shi, da tambayarta.

Kwana uku bai je bencin mai shayi ba. Ba wanda ya san ya auna. Yana iya cewa wannan ma ta lalace, kowa zai yarda, tunda an ga ta farko. Yana iya yin shiru, don shiru ba ƙarya ba ne. Amma duk lokacin da ya kai nan a tunani sai ya kasa wucewa. Shi ne ya je har Yelwa neman wadda ba ta ƙarya, shi ya shanya ta a rana, ya gwada ta sau biyu. Da arba'in ta ce, da da gudu ya kai ta tebur. Shekara talatin yana faɗin abin da ya ɗauka gaskiya ne, wannan bai zama ƙarya ba. Amma daga yau duk wanda ya ce Arba'in ya amsa, ya san abin da yake amsawa. Hansatu ta gan shi yana juya tuwo a kwano, ta ce ko dai na'urar ta faɗi abin da bai so ne. Ya ce ta cika tambaya, ita da na'urar.

A rana ta huɗu ya je. Bai sa rigar coci ba. Ya ajiye na'urar a inda ya ajiye ta farko, ya ce sau biyu ya auna, ashirin da biyar ce, Illo ya yi gaskiya. Ya ma nuna musu haruffan da kansa, ya ce su duba, har tambayarsa take yi.

Illo ya bar ta a tebur har shayi ya huce, ba ta motsa ba. Sai ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Mai shayi ya ce tun da aka karɓe jirgin bai ga haƙoran tsohon a waje haka ba. Daga ranar sunan ya sauya. In Enoch ya doso, ɓangare ɗaya na benci ya ce "Ashirin da biyar", ɗaya ɓangaren ya amsa "Mi?" Illo ya miƙe ƙafa, ya fara ba da labarin fito na da, ana sauraronsa. Ya kuma aiko wa Hansatu da ƙaton giwan ruwa, wai a yi wa mai jinya romo. Enoch ya ci kifin, ya yi daɗi, wannan ma ya ba shi haushi.

Da Ista Hannah ta zo gida. Ta ji an kira babanta da sabon suna a hanya, ta nemi dalili, aka ba ta labari. Ta karɓi na'urar ta duba, sai ta zauna a kan turmi tana dariya har Hansatu ta leƙo daga madafa.

"Baba, ba tambayarka take ba. Mil ne. Inda aka fara amfani da ita da mil suke awo."

Ta danna maɓalli sau uku. Haruffan suka sauya, lambar ta koma arba'in da 'yan ɗigo. Ta ce mil ashirin da biyar ai shi ne kilomita arba'in, direban nan bai yi masa ƙarya ba.

Enoch ya tashi ya nemi takalmi. Ya sa ƙafa ɗaya, sai ya zauna. Ya tuna haƙoran Illo. Wannan karon gaskiyar tasa ce, shi ya sa bai amince da saurinsa ba. In ya yi shiru, ya bar amininsa yana yawo da lambar da ba daidai ba, kuma shi ya damƙa masa ita. In ya faɗa, wa zai ce don gaskiya ya faɗa ba don suna ba? Shi kansa bai iya rantsewa. Hansatu ta ce in zai zauna da takalmi ɗaya har Pentikos, ya matsa ta share wurin.

Bai je benci ba. Ya jira har bayan azahar, lokacin da Illo ke zama shi kaɗai a kan wani kifaffen kwalekwale yana kallon jirgin 'ya'yansa. Ya zauna kusa da shi, ya nuna masa, ya danna maɓallin gaba ya danna baya, ashirin da biyar ta zama arba'in ta koma. Ya ce ba sai an faɗa wa kowa ba, shi dai ba ya so ya riƙe abin shi kaɗai.

Illo ya karɓa ya danna da kansa, sau biyu. Ya bi wani jirgi da kallo har ya cika ya tashi, sannan ya ce:

"Shekara talatin mi nake ce maka?"

"Ba ta kai talatin ba."

"Ka taɓa jin na ce kilomita?"

Enoch ya juyo ya dube shi. Illo bai ɗauke ido daga ruwa ba.

"Ni mil nake nufi tun farko. Mu mutanen da da mil muka tashi. Kai ne ba ka tambaya ba."

Enoch ya ce Illo bai taɓa auna komai da mil ba a rayuwarsa, da tulun fetur yake auna tafiya, kafin nan kuma da ciwon kafaɗa. Illo ya ce a kawo shaida. Enoch ya ce a shekarar da aka yi babbar ambaliya, a gaban mai shayi na da, da kunnensa ya ji ya ce kilomita. Illo ya ce mai shayin nan ya rasu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ba zai goyi bayan ƙarya ba.

Ya miƙa masa na'urar, ya dafa gwiwa ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa.

"Tashi mu je benci, Arba'in. A gabansu za ka maimaita wannan sharrin da ka yi mini."

Enoch ya ji sunan, ya yi kamar bai ji ba. Ya tura kekensa ya bi shi, yana lalubo wanda ya rage da rai cikin waɗanda suka zauna a bencin nan shekarar ambaliya.