Tsagar da Ke Jikin Giyabos

Tun ranar da bakanike ya sauke giyabos ɗin motar Malam Barau, tsakar gidan matarsa Talatu a Limawa ta koma gareji. Kayan cikin suna can ana gyara, shi kuwa kwanson, ƙaton ƙoƙon alminiyam ɗin da ke rufe su, Malam ya ɗauko shi ya dire a gindin dalbejiya, ya ce da hannunsa zai wanke abinsa. Maƙwabta har tsokanarta suke yi, wai an shigo da giya gidan masu salla. Ita dariyar ma ta gaji da yi.

Ba warin kananzir ne ke cin ranta ba, ba kuma baƙin man da ya ɓata mata daɓe ba. Idon mijinta ne. Yanar ido ce ke rufe shi a hankali, kowa a gidan ya sani, shi kaɗai ne bai yarda ba. Ran nan ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai ya kamo kaza. In an yi zancen asibiti ya ce gajiya ce kawai, idonsa ras. Kuma wannan bawan Allah ne ke shirin komawa jigilar fasinja tsakanin Dutse da Kiyawa da zarar an ɗaura giyabos, a titin da tireloli ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Ta yi magana har bakinta ya gaji. 'Yarsu Zaituna ta zo daga gidan mijinta ta yi kuka ta koma. A banza, wai an tsikari kakkausa.

Aikin kuma ga cin rai. A jiƙa da kananzir, a kankare dasƙararren giris da gindin cokali, a bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori. A wanke da ruwan zafi da omo, a shanya. Daga nan sai samfefa, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi, ana yi ana yayyafa ruwa.

"Ke da kika iya goge tukunya, zo ki kama min," in ji shi.

Ta kama. Ina za ta ƙi? Ta kwaɓa toka mai laushi tana murzawa da tsumma har yatsunta suka yi kanta, bayanta ya riƙe. Shi kuwa yana gefe yana shafa ƙarfen kamar mai lallashin jariri, yana yi mata karatu.

"Kin ga wannan, in dai bai tsage ba, sabo ne. In ya tsage kuwa, shi ke nan. Mai ya dinga zuba ke nan, walda ba ta riƙe shi."

Yakan bar baƙin tabo kamar tafin hannu ya ce wurin ya fita. In ya tafi masallaci sai ta zauna ta goge, don kada bakanike ya gani ya gane. Tana cikin haka wata rana hannunta ya tsaya cak. Ashe ita ce ma ke share masa hanyar komawa titi. Ta ji haushin kanta, ta ji tausayinsa, ta rasa wanne ya fi nauyi.

Ranar da aka gama, bayan la'asar, kwanson yana ta ƙyalli har tana hango fuskarta a karkace a jikinsa. Malam ya dawo ya tsuguna.

"Gobe bakanike zai zo ya ɗauka. Duba min da kyau, ku mata kun fi ganin datti."

Ta juya shi, ta duba ciki da waje. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, ko ta cefane. Ta yi istigfari a zuciyarta.

"Malam, wannan layin fa? Kamar tsaga nake gani."

"Ina?"

"Ga shi nan, daga bakin ramin noti har ƙasa."

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen. Sannan ya ɗora ɗan yatsa, yatsan da ke gane noti mai lamba kaza a cikin aljihu ba tare da an duba ba. Ya bi wurin a hankali, ya dawo, ya sake bi. Sumul yake, ita ma ta san haka. Ta jira ya ce ƙarya take yi. Amma in ya ce babu, sai ta ce to ya duba da idonsa, kuma su biyun sun san abin da idon zai iya.

Ya daɗe a tsugune. Can ya janye hannunsa ya goge a jikin riga.

"Na gan ta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tun jiya na gan ta, ban dai so na faɗa ba."

Ta zaci za ta ji sanyi a ranta. Sai ga hawaye. Ta juya ta hau tattara tsummokara don kada ya gani, sannan ta tuna ba sai ta juya ba.