Ɗigo Biyu a Farantin Gwaji

Mutum uku ne a ɗakin gwajin ranar: shugaban sashe, da ma'aikaciyar da ke haɗa masa sinadarai, da autarta mai shekara tara, wadda ke zuwa ta zauna kusa da ita idan an tashi daga makaranta. Suna da kwalabe da ma'auni da tukunyar ɗumama ruwa. Ɗaki mai duhu ne ba su da shi, labulen tagar ma an kai wanki tun makon jiya.

Wata huɗu uwar ta yi tana haɗa wani sinadari mai launin ruwan lemo. Idan za a duba tsabtarsa, sai a ɗiga shi a gindin wani siririn faranti, a tsayar da farantin cikin ruwan gwaji, ruwan ya hau da shi. Mai tsabta ɗigo ɗaya yake bari. Nata ya bar biyu, ɗaya can sama, ɗaya ya maƙale a ƙasa.

"Ɗigo biyu, Malama," in ji shugaban. "Ko Auta ta iya ƙirga biyu. Ya lalace. Zubar da shi ki sake sabo."

Uwar ta dafa murfin kwalbar. "Ba zan zubar ba, Yallaɓai. Bai lalace ba, lanƙwashewa ya yi."

"Ni kike koya wa karatun faranti? Tun kina goye nake wannan aikin."

"Allah ya ƙara girma. Amma ba zan zubar ba."

Ta juya wurin 'yarta. "Auta, miƙe hannunki. Ƙwayar sinadarin nan haka take a duhu, miƙaƙƙiya, cajin lantarkin da ke jikinta ya daidaita ta kowane ɓangare, ba ta kama komai, sai ta bi ruwa ta haye sama. Yanzu lanƙwasa gwiwar hannun. Haka hasken rana ke yi mata. Caji ya taru gefe guda, sai ta riƙe farantin ta ƙi tafiya. Hannu nawa kika nuna mini?"

"Ɗaya, Umma."

"Kwana shida kwalbar nan tana shan rana ta tagar can. In ta sha zafi a duhu, ƙwayoyin da suka lanƙwashe za su miƙe, ɗigon ya koma ɗaya."

Shugaban ya harɗe hannu. "In bai koma ɗaya ba fa?"

"Da hannuna zan zubar, a gabanka."

Ta naɗe kwalbar da baƙar takarda, ta sa ta cikin ruwan zafi, ta rufe. Aka jira awa biyu. Auta ta kasa yin aikin gidanta, sai taunar fensir take yi. Da lokaci ya yi, uwar ta ɗiga a sabon faranti. Ruwa ya hau a hankali. Ɗigo ɗaya.

Shugaban ya ɗaga farantin, ya daɗe yana dubawa. "Ajiye kwalbar a taga mu gani."

Bayan rabin awa aka sake gwadawa, ɗigo biyu suka dawo.

"To," ya ce, "kar wanda ya taɓa kwalbar nan." Ya fita.

Auta ta gane cewa abu ɗaya ne a cikin kwalbar, rana ce ke lanƙwasa shi, kuma mahaifiyarta ta san haka tun lokacin da ta dafa murfin.