Atishawar Mama

Tunda muka tashi, atishawar Mama ce ke gaya mana Baba ya dawo. Aikinsa duba layin dogo ne, a ƙafa yake wuni, kuma da zarar ya shigo da kwat ɗinsa mai ruwan toka sai hancinta ya kama. Ta yi ɗaya, ta yi biyu, ta ce, "Ga ubanku nan," tun kafin ya gama sallama. Sai faɗa ya biyo baya: ya cire wannan tsumman ya rataye a waje, ko so yake ya kashe ta? Shi kuwa dariya yake yi, ya ce ita kaɗai ce matar da ke yi wa mijinta maraba da hanci.

Bayan rasuwarsa atishawa ta ɗauke. Yayana ya ce Mama ta huta. Shi dama bakinsa ya fi tunaninsa sauri.

Ni na gan ta wata rana da hantsi, tsaye a bayan ƙofa, ta cusa fuska cikin kwat ɗin tana jira. Babu abin da ya zo. Ta juyo ta gan ni, ba ta ma ji kunya ba.

"Auta, ya daina," ta ce. "Ba aikinki ke nan ba, leƙen ƙura? Duba mini abin da ke ciki. Ko wane fure ne, shuka shi zan yi."

Aikina ke nan kuwa: a ɗakin bincike nake, ina duba garin fure a madubin ƙara girma. A gida kowa na yi mini tsiya, wai na yi karatu mai zurfi na ƙare a shara. Na manna salatif a wuyan kwat ɗin da cikin aljihu, na ɗaga, na tafi da shi ofis.

Da na kafa ido a madubi sai na ga duk inda Baba ya bi. Ga ƙwayoyin garin fure masu ƙaya kamar bushiya, waɗanda ke maƙale wa ƙudan zuma. Ga masu tsaga ɗaya, irin tsohon yayi da furanni suka daɗe da shi. Ga masu tsaga uku, na dangin da suka zo daga baya suka cika duniya. Kowace ƙwaya da kamanninta, har na tuna wani lambu da Baba yake yawan ba mu labarinsa. Kewarsa ta kama ni sosai, sai da na janye ido na goge gilashin madubin.

Amma masu ado ba su cika sa atishawa ba, nauyi gare su. Wanda ya fi yawa wani ne sumul, mai rami ɗaya tak, wanda iska ke ɗauka. Ciyawa. Ita kuwa ciyawa garinta kusan duk kama ɗaya ne, ba zan iya cewa wacce ba.

Na koma gida jiki a sanyaye.

"Mama, ba fure mai suna ba ne. Ciyawar bakin layi ce, kuma ban san wace iri ba."

Ta yi 'yar dariya. "Ciyawa. Shekara da shekaru mutumin nan ko fure bai kawo mini ba."

Da ruwan sama ya sauka, ta hana Yaya nome bayan gida. Ya yi mita, ya ce macizai, ya ce maƙwabta za su zage mu. Ta ce gidan mijinta ne. Ciyawa ta kai gwiwa, ta fitar da kai.

Ran nan da la'asar ina wanke kofuna, ita tana kwashe shanya, iska ta taso. Na ji ta yi ɗaya, ta yi biyu.

"Ga ubanku nan," ta ce.

Na kashe famfo. Tana tsaye da zanin gado a hannu, ta juya tana kallon ƙofa, ni ma ƙofar nake kallo.